Kafin Ka Zuba Kuɗi A Tsohuwar Kwamfuta

Ɗana,

Saƙonka ya iso, da hoton kwamfutar da jerin kayan da kake son saye. Katin hoto ne a sama, har ka ja masa layi a ƙasa, sauran duk 'yan rakiya ne. Da za ka bi tawa, da katin nan ya koma can ƙarshen takarda. Bari in gaya maka dalili a tsanake, in ya so ka yi abin da ka ga ya fi, tunda kai za ka zauna gabanta ba ni ba.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Dell OptiPlex 7010 ce, babbar mai tsayi. A 2012 aka fitar da irinta, don ofisoshi aka ƙera ta, shi ya sa take da ƙarko. Furosesan da ke ciki Core i5-3470 ne, zubi na uku, mai ƙwayoyin aiki huɗu. RAM giga 4, ma'adana kuma tsohuwar nan mai faifai da ke juyawa, giga 500, fawa-fak wat 275. Irinsu ne ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, aka loda a kwantena zuwa Legas, daga Computer Village ta Ikeja suka bazu har Beirut Road da Farm Centre a Kano. Ba abin rainawa ba ce, an yi digiri da waɗanda ba su kai ta ba. Sai dai tsohuwa ce, tana da iyakar da ba za ta wuce ba komai kuɗin da ka zuba mata.

Ka ɗauki kanka ɗan haya a cikinta. Mai gidan haya kashe kuɗinsa iri biyu ne. Akwai katifa da fanka da labule, waɗanda ranar tashi zai naɗe ya tafi da abinsa. Akwai kuma simintin tsakar gida, wanda mai gida zai gada. Ba a ce kada ya toshe yoyon ɗaki ba, ai shi ruwan ke zuba a kansa, amma ba ya ɗora bene. Duk abin da za ka saya wa kwamfutar nan, ka tambayi kanka: ranar da na canja wata, wannan zai bi ni? SSD zai bi ka. UPS da monita za su bi ka, katin hoto ma haka. RAM irin nata da furosesa irin nata kuwa a nan za su tsaya, don sababbin kwamfutoci ba su da gurbinsu. Na farkon ka saki hannu ka sayi nagari. Na biyun ka ƙulle hannu, ka sayi iya abin da zai fitar da kai daga makaranta.

Kafin ka fitar da ko kwabo, ka ga ciwon da idonka. Buɗe AutoCAD ko SolidWorks da zanen da ya fi ba ka wahala, buɗe burauza da shafukan da ka saba tarawa, sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai fito. Ka shiga inda yake nuna aikin kowane sashe, ka zuba ido. Ina kyautata zaton abin da za ka gani: ma'adana ta maƙale a kashi 100, RAM ya cika maƙil, furosesa kuwa yana zaune yana jira, ko rabin ƙarfinsa bai fitar ba. Idan RAM ya cika, Windows aron wuri take yi a ma'adana, ita kuma ma'adanar allura ce ke kai-kawo a kan faifai tana ɗauko abu ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar nan ta ƙirit-ƙirit da kake ji in ta daskare, ita ce. Katin hoto ko na miliyan ne ba ya maganin wannan.

Aikin farko ma ba ya cin kuɗi. Zare wayar wuta, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita, ka cire marfin gefe, ka fita da ita tsakar gida. Kwamfutar da ta sha hunturun Arewa shekara da shekaru ba a tambaya ko tana da ƙura. Za ka tarar ta dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen da ke kan furosesa, ta yi kauri har sai ka sa tsinke ka ɗago ta falle-falle. Ka hura da buluwa, amma ka tare fanka da yatsa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima ta lalace. Kwance kusoshi huɗun da ke riƙe da ƙarfen, za ka ga man da aka shafa a ƙarƙashinsa tun a masana'anta ya bushe ya zama gari. Goge shi da auduga da ɗan sifirit, ka ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar wake, ka mayar, kana ɗaure kusoshin a gicciye kaɗan-kaɗan. Furosesa in ya ji zafi rage gudunsa yake yi da kansa don kada ya ƙone, kuma ka san yadda ɗakin ɗalibi mai rufin kwano yake a watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40. Ɗan batirin nan zagayayye da ke kan bod, CR2032, shi ma ka canja shi, shi ke riƙe mata agogo. In ka gama kada ka mayar da ita kan siminti, ka ɗora ta kan benci inda iska ke ratsawa.

Wuta kuwa na ga ko sunanta ba ka sa a jerinka ba. A iya abin da na gani a kan bencin gyara, kwamfutar da wuta ta kashe ta fi wadda tsufa ya kashe yawa nesa ba kusa ba. A ɗauke ba sallama, a dawo da ita da ƙarfi, ko ta zo rabi-rabi ƙwan lantarki yana ja. Ka nemi UPS, kuma ka zaɓi mai daidaita wuta da kansa, in ba haka ba ka sa sitabilaiza a gabansa. Ƙaramin nan mai 650VA batiri guda ne a cikinsa mai bolt 12, ba zai ba ka awa ba, 'yan mintoci ne, amma su kaɗai kake buƙata ka adana aikinka ka kashe ta da hannunka. In kana da niyyar ƙara kati nan gaba, ka hau zuwa 1000VA tun yanzu. Ka kuma leƙa bayan fawa-fak ɗin. Wasu tsofaffin suna da ɗan jan maɓalli mai 115 a gefe guda, 230 a ɗaya gefen. Wutarmu 230 ce. In naka yana da shi, ka liƙe shi da salatif, don ranar da wani ƙaninka mai taɓe-taɓe ya tura shi 115 aka jona, ƙara ɗaya za ka ji sai warin ƙuna. Da damina in hadari ya haɗo ana tsawa, zare filogi gaba ɗaya.

Sai SSD, kuma a nan ne kuɗinka zai fi yin magana. Tsohuwar ma'adana ranar da take jin daɗi megabait 100 zuwa 150 take ɗaukowa a daƙiƙa, SSD kuwa 500 da ɗoriya. Amma babban bambancin ba a nan yake ba. SSD ba shi da faifai ba shi da allura, saboda haka dubban ƙananan fayilolin da manhaja ke nema in za ta tashi kusan a take suke zuwa. Kwamfutar da kake kunnawa ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama shiri ba, za ka ga ta tashi kafin ka gyara zama. Ka sayi na SATA mai inci 2.5, giga 500 ko 512. Mai 256 da wuri zai cika, GTA V kaɗai ya haura giga 70. Mai shago zai nuna maka siririn nan da ake kira NVMe ya ce ya fi gudu, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai bod ɗinka ba shi da gurbinsa. In za ka jona, ka nemi bakin da aka rubuta SATA0, don ba duka bakunan ne gudunsu ɗaya ba. SSD ɗin sabo za ka saya a kwalinsa, na kamfanin da aka sani, irin Samsung ko Kingston ko WD. Siyan nagari mai da kuɗi gida. In ka ga wanda aka rubuta tera 2 ana sayar da shi a kuɗin ƙarami, ka yi sallama ka wuce. Tsohuwar ma'adanar ka bar ta a ciki don ajiye finafinai da tarkace, amma kada ka ba ta amanar abin da ba ka da kwafinsa.

RAM ka kai shi giga 16 ka tsaya. Gurbi huɗu ne a bod ɗin, ko dai guda biyu masu giga 8, ko huɗu masu giga 4. DDR3 take ɗauka, DDR4 ko shiga ba zai yi ba don yankan bakinsu ya bambanta. Wannan na hannu za ka saya, ba ya saurin mutuwa. Ka karanta 'yar takardar da ke liƙe a jikinsa: kana neman PC3-12800U, kuma harafin ƙarshen nan shi ne maganar. In ka ga R maimakon U, na manyan kwamfutocin saba ne, yana da araha ƙwarai, zai shiga gurbin daidai, amma kwamfutar ba za ta tashi ba sai dai ta yi ta kuka. In biyu ka saya, su zama iri ɗaya, ka sa su a gurabe masu launi ɗaya don su yi aiki kafaɗa da kafaɗa. Windows ɗin da za ka ɗora a sabon SSD kuma ta zama mai 64-bit, mai 32 ba ta ganin abin da ya wuce giga 4.

Yanzu mu zo kan karatun naka. Zane a AutoCAD da SolidWorks, mafi yawansa ƙwaya ɗaya ta furosesa ke ɗauka, domin kowane mataki na zanen yana jiran wanda ya gabace shi. Lissafin ANSYS, inda ake yayyanka ƙarfe ko ruwa zuwa dubban gutsattsari a lissafa kowanne, shi ke cin RAM da yawan ƙwayoyi. MATLAB ɗin da za a ba ku a aji ma furosesa da RAM ya sani. Kati aikinsa a nan shi ne zane ya riƙa juyawa sumul a kan allo in kana jan sa da linzami. Masu SolidWorks suna ba da shawarar giga 16 da katunan ƙwararru irin Quadro, amma wannan don kamfanin da ke haɗa inji mai dubban sassa ne. Giyabos ɗin ɗalibi mai sassa talatin ko hamsin, ƙaramin kati na ɗaukarsa lafiya lau.

Saboda haka mu gaya wa juna gaskiya, ni da kai: katin da ka ja wa layi, mafi yawansa na gem ɗin ƙwallo ne. Ban ce laifi ba ne. Mu ma da ƙuruciya muna da namu, daga sinima sai dandali, kuma wanda ya wuni yana fama da lissafi ya cancanci ya huta. Abin da ba na so shi ne ka ce wa Ummanka na karatu ne. Na san 'yar'uwata, in ta ji kalmar karatu adashinta za ta kwashe ta miƙa maka ba tambaya. SSD da RAM da UPS ka roƙe ta da zuciya ɗaya, na karatu ne tsakani da Allah. Kati kuwa ka tara daga guminka. Da zarar kwamfutar ta miƙe za ka iya zana wa mutane taswirar gida ko ta wayarin, ka gyara wa 'yan ajin ƙarshe zanen furojet ɗinsu. Gem ɗin da ka buga a katin da ka saya da kuɗinka, ba wanda zai harare ka a kansa, in dai ba ka bar shi ya ci maka Asuba da laccar ƙarfe takwas ba.

In lokacin katin ya yi, ga abin da za ka riƙe. Gurbin da ake soka shi a bod wat 75 yake bayarwa, fawa-fak ɗinka kuma ba shi da ƙarin wayar da manyan katuna ke nema. Katunan da ke rayuwa da wutar gurbi kaɗai su ne naka: GTX 1050 Ti na 2016, ko GTX 1650 na 2019 wanda ya fi shi ƙarfi, dukkansu giga 4. Ka juya katin ka dubi gefensa na sama, don wasu 1650 ɗin suna da baki mai rami shida, irin wannan ba naka ba ne. Za a yi maka tallar RX 580 mai giga 8, da araha, kuma lallai ya fi su ƙarfi. Amma wat 185 yake sha. Sai ka canja fawa-fak zuwa mai wat 500 nagari, sai ka ƙara girman UPS, sai janareta ya ƙara shan mai, ga zafi a ɗaki. Ka yi sa'a 7010 filoginta na kowa da kowa ne mai rami 24, ba kamar 7020 da 9020 masu nasu na daban mai rami takwas ba, to canjin zai yiwu. Ka dai haɗa lissafin duka kafin ka kira shi araha. 'Yar wayar nan da ake jonawa a wutar ma'adana a ba kati kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, narkewa take yi.

Katin hannu ba a sayensa a leda. Da yawa daga cikin RX 580 da ke yawo sun yi shekaru suna haƙar kirifto dare da rana, har watan Satumba na 2022 da Ethereum ta daina amfani da haƙa aka watso su kasuwa. Akwai kuma jabu, tsohon kati na 2010 irin GTS 450 da aka canja wa suna a ciki yana nuna 1050 Ti. Alamar farko a ido take: 1050 Ti na gaske ba shi da shuɗin bakin nan na VGA. Ka tafi da GPU-Z da FurMark a filas, ka sa mai shago ya soka katin a kwamfutarsa a gabanka. GPU-Z yakan tona asirin jabu, har ya rubuta a gaban sunan. FurMark kuma wata zobe ce mai gashi za ta yi ta juyawa a allo tana gasa katin. Ka ja kujera ka bar ta minti goma sha biyar, idonka kan ma'aunin zafi, kunnenka kan fanka. In ka ga ɗige-ɗige ko layuka masu launi, ko allo ya ɗauke, ko zafi ya doshi 90, ka yi godiya ka tashi. Mai kaya nagari ba ya jin haushin gwaji, shi zai miƙo maka kujerar ma. A rubuta maka rasit da lambar jikin katin da kwanakin garanti. In ka dawo gida, wayar monita a bakin katin za ka jona ba a na bod ba, kuma in monitarka VGA kaɗai ta sani sai ka haɗo da 'yar na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA.

Da irin wannan kati GTA V da eFootball za su tafi maka daidai in ba ka ƙure musu ado ba. FIFA 23 kuwa mafi ƙarancin abin da masu shi suka nema shi ne Core i5-6600K da GTX 1050 Ti, ka ga furosesanka yana bayan wannan da zubi uku, waɗanda suka biyo baya da sunan EA Sports FC kuma ba sauƙi suka ƙara ba. A nan za a ce maka ka sa Core i7-3770. Shi ma ƙwaya huɗu ne, sai dai kowace tana riƙe aiki biyu, zai ɗan taimaka a ANSYS, amma da yake duk mai irin bod ɗinka shi yake nema, kuɗinsa ya fi amfaninsa. In ba kusan kyauta ka same shi ba, bar shi. Ko ka sa shi ba zai ba ka AVX2 ba, wani tsarin umarni da ya fara zuwa da zubi na huɗu a 2013, wanda wasu sababbin manhajoji da gem ba sa tashi sai da shi. Ga kuma maganar Windows. Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman TPM 2.0 da furosesan Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Akwai dabarun tsallake shingen, masu gyara sun san su, amma sababbin manhajojin injiniya za su yi ta barin tsohuwa a baya ɗaya bayan ɗaya.

Shekara biyu ko uku nake so ta ba ka, ta kai ka bautar ƙasa. Bayan nan, in Allah ya hore, ko dai ka ɗauki ta hannu mai Core i5-8500, mai ƙwaya shida, ko ka haɗa taka da kanka a kan bod mai soket AM4 da Ryzen 5 5600. Ni ta biyun na fi so maka, don komai nata na kowa da kowa ne, fawa-fak ma in ka sayi sabo zai shiga. Ranar nan SSD da kati za ka zare ka soka a sabuwa, tsohuwar kuma ka mayar mata da faifanta ka bar wa ƙannenka su koyi buga rubutu.

Manhajar da ake ɗora muku a shago, wadda sai an kashe maganin bairos kafin ta shiga, ka yi hattara da ita. Wanda ya fasa maka ƙofar wani kyauta, ba ka san abin da ya ajiye a taka ba. Autodesk na ba ɗalibai lasisin shekara guda kyauta, ana sabuntawa, shaidar makaranta kawai suke nema. ANSYS na da na ɗalibai kyauta, an dai taƙaita girman aikin da zai ɗauka. GNU Octave na yin da yawa daga abin da MATLAB ke yi, ga FreeCAD na zane, ga KiCad in ka karkata wajen lantarki. Furojet ɗinka kuma ya zauna wuri uku: a kwamfuta, a filas, da Google Drive. SSD ba ya ƙara kafin ya mutu yadda faifai ke yi, rana ɗaya kawai za ka kunna ka ga babu.

In ka buɗe ta ranar Asabar, ka ɗauki hoton takardar jikin RAM da ta jikin fawa-fak ka turo min kafin ka shiga kasuwa. Kada ka sayi buluwa, akwai tawa a gida, ka aiko a karɓa, man furosesa ma ina da ragowa. Kuɗin UPS kuma ka rage rabi daga abin da za ka tambayi Ummanka, ni zan cika. Ka gaishe ta, ka gaida yaran.

Wassalam,
Kawunka